Akwati Mai Ɗaki Bakwai

Shekara arba'in na yi a Osaka ina ƙirga kuɗin wasu,
na komo Okinawa da ƙusumbi, da hawan jini,
da ɗan akwatin roba mai ɗaki bakwai,
kowane ɗaki da ranarsa:
man kifi, ƙwayar ƙashi, jar ƙwayar zuciya,
da wata ruwan ɗorawa da aka ce tana taka wa tsufa birki.

Na tarar da mahaifiyata, Kamado, tsugune tsakanin kunyoyi
tana tonon dankali.
Shekararta casa'in da shida.
Ta miƙe ba ta dafa komai ba.
Ni ɗan saba'in sai da na lalubi bango.

Ta karɓi akwatin, ta girgiza shi kusa da kunne.
"Seitoku, iri ka kawo mini?"
Na ce magani ne.
"Na wace cuta?"
Na ce na shekaru.
Ta yi dariya har haƙoranta huɗu suka sha iska.

Hali zanen dutse: akawu ya ɗauko littafi.
Na rubuta garahuni soye da awara,
ɗacinsa har ƙeya.
Na rubuta ganyen teku, da shayin kurkum,
da yadda take ajiye tsinken cin abinci da sauran loma a kwano,
wai a bar wa numfashi wurin zama.
Na ƙirga takunta daga ƙofa zuwa bakin ruwa.
Na ce na kama sirrin, saura in ja layi in tara.

Abu ɗaya na tsallake, don bai yi kama da magani ba.
Ran goma ga wata Nabe takan zo da sandarta.
Su biyar suka fara adashi, 'yan mata, a shekarun yunwa,
su biyu suka rage.
Sai su jefa kwabo a tsohon gwangwani,
wannan wata ke, wancan wata ni,
sannan su ɗauko rigimar wata akuya
da ta mutu kafin in yi gemu.

Nabe ta tafi a watan guguwa.

Kwano bai sake ba. Garahuni na nan, awara na nan.
Amma cikin mako uku
shekaru casa'in da shidan suka iso gaba ɗaya,
kamar masu bin bashi da suka gano gida.
Na ga hannunta a bango.
Ciyawa ta haye kunyoyi ba mai ce mata kanzil.
Likita ya duba, ya ƙara ƙwaya guda,
ta haɗiye don kada a ce ta ƙi.

Ran goma na sa farar riga,
na fita ta baya, na zagayo,
na buga ƙofar gidanmu kamar baƙo.
"Na zo zubi."
Ta daɗe tana kallon kwabon da ke hannuna.
"Nabe ba ta taɓa makara ba," in ji ta.
Na zauna. Na yi gyaran murya.
Na ce ni dai a jina, akuyar nan ta Nabe ce.

Wayyo! Ban san da sauran wuta haka a murhun ba.
Ta kira shaidu, matattu duka,
ta miƙe tana nuna inda turken yake,
ba ta dafa komai ba.

Ban ce mun kori tsufa ba.
Yana zaune a barandarmu, yana shan shayi tare da mu,
sai dai ba ma ba shi kujera mai kyau.

Akwatin kuwa ta ƙwace shi.
Litinin irin garahuni, Talata karas, Laraba wani wake
da Nabe ta ba ta bara.
Ɗakin Lahadi kaɗai ta bar mini, na jar ƙwayar zuciya,
ita ma da sharaɗi:
in haɗiye, in ɗauki fartanya.
Waken, ta ce, sai baɗi za mu shuka.